Motar Kai Amarya Ta Tsaya a Shumaisi

Wanda ya tarye ni a Jidda bai ko tambayi sunana ba. Fasfona ya karɓa, ya dubi hoton, ya dube ni, ya cusa shi a aljihu, ya ce, "Yalla." Wato maza mu tafi. Kalmar Larabci ta farko ke nan da aka yi mini a ƙasar nan, kuma har yau ita aka fi yi mini.

Sunana Sabi'u, tela ne ni, a Funtuwa na koyi ɗinki. Dillalin da ya yi mini hanya ya rantse da Allah cewa shagon ɗinkin abaya ke jirana a Makka, har hoton shagon ya nuna mini a wayarsa. Allah kaɗai ya san shagon wa ya ɗauka. Da muka isa unguwar Jarwal a Makka, ƙarƙashin wani masaukin alhazai aka gangara da ni, inda injinan wanki ke ruri ba sa hutawa. Aka miƙo mini dutsen guga. Na ce ni ɗinki na zo yi. Shugaban wurin, wani ɗan Masar mai fara'a, ya dafa kafaɗata ya ce in fara da zannuwan gado tukuna, ɗinki na nan tafe. Wata takwas na yi ina jiran ya taho.

Mu shida ne a ɗaki, huɗu 'yan Bangaladash, ɗaya ɗan Yaman, sai ni. Ba mai jin yaren wani, da hannu da gira muke hira. Wake da gurasa da safe, shinkafa da rana, shinkafa da yamma. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda yake Makka ba shi da bakin kuka. In na kira mahaifiyata na fara cewa akwai wuya, sai ta ce, "Kai Sabi'u, mutane gona suke sayarwa su je inda kake, ka yi mana addu'a dai." Sai in haɗiye maganata in ce to. Na yi kewar gida har sai da na rame. Ƙarar ruwan sama a kan kwanon ɗakinmu nake mafarki, da ƙanshin gyaɗa sabuwar cira.

Wata Juma'a bayan na fito daga Harami, zazzaɓi na cin jikina, na rasa hanyar komawa na faɗa lungunan unguwar Misfala. Can sai hancina ya kama ƙanshin daddawa. Na tsaya cik. Na bi shi lungu lungu har ya kai ni gaban wata tsohuwa zaune kan kujera 'yar tsugunno, da tukwane biyu a gabanta. Ta ɗago ta ƙanƙance ido ta dube ni.

"Kai ɗan wa na? Ina kah hito da wagga rama?"

Hausar Sakkwato ce irin ta tsofaffi, wadda rabona da ji tun kakata na da rai. Hawaye ne kawai suka zubo mini. Ta zuba mini tuwo da miyar kuka, na yi loma uku, jiri ya kwashe ni. Kwana uku na yi a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin benenta, tana ɗura mini jiƙo mai ɗaci tana zagina don na bar kaina da yunwa. Ita ce Inna Tumba.

Daga ranar na zama ɗan gida. Da ta ji sana'ata, ta sa aka fito da keken ɗinkin marigayi mijinta, ta ba ni tsohon zane ta ce in nuna mata. Ta shafa ɗinkin da yatsa, don ido ya fara yi mata gardama, ta ce ba laifi. Ita ce ta yi ta aike wurin mutanenta har wani mai shago a unguwar Rusaifa ya karɓi takarduna, na bar ramin wanki na koma kan keke. Ban taɓa jin ta ambaci wannan alheri ba, amma duk Juma'ar da ban leƙo ba sai ta ambata.

Inna Tumba ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba. A hanya aka haife ta, cikin Sudan, iyayenta na tafe a ƙasa daga yankin Sakkwato, suna noma suna gaba. Mahaifiyarta ta rasu a bakin teku, suna jiran jirgin da zai haye da su. Mahaifinta ne ya ƙaraso da ita a kafaɗa. Saboda haka, tun da tsufa ya kama ta, ta ƙudurta ba za ta sake fita iyakar Harami ba, wato ƙasar alfarma da ta kewaye Makka, kada mutuwa ta riske ta a waje kamar yadda ta riski uwarta. Ba ita kaɗai ba ce, tsofaffinmu da yawa a Makka haka suke. Amma nata ya yi tsanani. Ko Tan'im ba ta zuwa ta ɗauko haramar Umra. An yi mata kwatancen wani likitan ido a Jidda, ta ce idon ya zauna yadda yake. Fiye da shekara ashirin ba ta wuce alamun iyakar ba.

Mutum ɗaya ya rage mata a duniya, jikarta Hanan, wadda ta rena tun iyayenta suka rasu. Hanan haifaffiyar Makka ce, Larabci ya fi zama a bakinta, in ta yi Hausa sai Inna ta ce tana tauna ta kamar ƙashi. Ita kuma ta yi dariya ta ce wa kakar tata, "Ya Sitti, ke ma Larabcinki haka yake." A shekarata ta uku Hanan ta kawo wanda take so, wani Bahaushe mai gyaran wutar lantarki, mazaunin Bahra, ɗan ƙaramin garin nan da ke kan hanyar Jidda. Aka sa rana.

Wata yamma na kawo kayan amarya da na ɗinka, Inna ta jawo ni gefe. Ta ce a bikin wasu maƙwabta ta ga irin motar nan babba da ake haya don biki, mai labule da fitilu kala-kala, wadda mata ke shiga su rufe ƙofa su yaye niƙabi su yi kiɗansu da guɗarsu ba mai ganinsu.

"Irin ta nika so," in ji ta. "Ni ba ni zuwa Bahra, ka sani. Amma ta taho ƙohwar gidan ga, in kama hannun ɗiyata in sa ta ciki da kaina. Kuma da rana, tun idona na gani. In anka yi magariba ni da makauniya ɗaya muke. Ban son a ce marainiya ta, anka hitar da ita awa kaya."

Akwai maza a unguwar da suka fi ni sanin gari sau goma. Amma baki ya riga ni. Na bugi ƙirji na ce, "Inna, ki bar mini wannan. In ban kawo motar nan ba, ki canja mini suna." Ina so in yi mata abu ɗaya a rayuwata wanda ya fi ɗinka riga.

Na samo wani kamfanin hayar motoci a Jidda ta waya. Suka turo hotuna, mota kam ta amsa sunanta. Mutumin ya tambaye ni ina ne bikin, na ce Bahra, don can ne gidan ango. Ya rubuta, muka yi sallama. Ban ce masa daga Makka za a ɗauko amarya ba. A Funtuwa in ka yi shatar mota, ranar biki kake kiran direba ka ce zo nan, bi can, kai ne mai hanya. Haka na ɗauka ake yi ko'ina. Har na riƙa yawo da hoton motar ina nuna wa mata, suna sa mini albarka, kaina na ƙara girma.

Ranar Alhamis tun azahar lungun ya cika. Turaren wuta ya turnuƙe bene, mata sun sha lalle, ana ta fito da akwatuna da kwanukan alkaki. Da aka idar da la'asar na koma gefe na kira lambar direban da aka ba ni. Na ce masa da guntun Larabcina ya taho Misfala, zan tsaya masa a bakin titi.

Ya sa na maimaita sunan unguwar. Sannan ya ce, "Misfala? Makka?"

Na ce e mana.

"Sadik," in ji shi a hankali, "ana mafi Muslim."

Wato shi ba Musulmi ba ne. Sunansa Danilo, ɗan Filifin, yana Bahra tun ɗazu yana jiranmu inda aka rubuta masa. Gumi ya keto mini. Kowa ya san wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka, akwai allo ƙato a hanya da ke nuna masa inda zai kauce. Ni ma na sani. Amma shekara uku ina cikin garin da kowa ke salla, mai shara da mai kanti da ɗan sanda, har na manta akwai wani iri a ƙasar. Na kira kamfanin, suka ce daren Juma'a ne, duk direbobinsu sun fita, kuma ba a ba wani makulli. Gaskiyarsu ce, abin da na faɗa musu suka yi. Danilo ya ce iyakar abin da zai iya, ya matso gidan man da ke dab da shingen 'yan sanda na Shumaisi, can bayan iyakar Harami, ya juya motar ta fuskanci Bahra, ya jira mu.

Ban taɓa hawa bene mai tsawon na ranar ba. Na tarar da Inna a tsakiyar mata, ta sha farin mayafi, tana tambaya ko motar ta iso. Na durƙusa na faɗa mata komai, ban rage ba. Kafin in rufe baki mata suka yi caa a kaina. Wata gwaggon ango ta tafa hannu ta ce, "Wallahi ajib! An ba tela aikin mota, ai ga shi ya ɗinke mu." Na cancanci fiye da haka. Inna kuwa ta kawar da kai daga gare ni, wannan kuma ya fi zagin zafi.

Ammu Bukar ne ya cece ni, wani dattijo maƙwabcinta mai ɗaukar kayan gwari a a-kori-kura. Ya ce kuka ba ya kawo mota, kowa ya kira wanda ya sani. Kafin rabin awa ƙananan motoci sun jeru a bakin titi, na haya da na gida, har da ta mai gidan burodi. Ya hau bene ya ce wa Inna, "Halas, shi ke nan, ya Hajja. Ki sa ta a motar surukina a nan ƙofar gida, mu kai su wurin babbar motar. Duk ɗaya ne."

Hanan ta durƙusa gabanta cikin kayan da na ɗinka, ta riƙe gwiwoyinta. "Sitti, wallahi mafi mushkila. Kowace mota, ni ban damu ba. Ke dai ki sa mini albarka."

Inna ta shafa kanta. "Ni da ƙahwa anka kai ni ɗakin kakanki, mata ukku, babu uwa babu guɗa. Na ce ke ba haka ba." Sannan ta laluba sandarta ta miƙe. "Ku tahi da ni."

Ammu Bukar ya ce, "Ya Hajja, motar fa a waje take. Bayan iyaka."

"Na ji. Kurma ka ɗauke ni?"

Aka sa ta a bayan motar surukin Ammu Bukar, Hanan a damanta, ni a gaba kusa da direba, don ta ce wanda ya ɓata shi zai raka. Muka kama hanyar Jidda, motoci na biye da mu suna ta oda. Rana ta yi ƙasa, ta yi ja a kan duwatsu. Carbin Inna na ta ƙas ƙas a bayana. Da alamun iyaka suka bayyana a gaba, ta ji motar ta rage gudu, ta ce a tsaya. Muka sauka gefen titi, duk jerin ya tsaya a bayanmu.

Ta daɗe tana duban gaba, ko da yake na san ba abin da take gani sai haske. Tausayinta ya kama ni, da kunyar abin da na jawo mata. Na juyo na ce, "Inna, mu koma. Laifina ne, ba wanda zai ga naki."

"Rufe min baki. Tahiyar minti nawa ta?"

"Kamar biyar zuwa, biyar dawowa."

"Sabi'u."

"Na'am, Inna."

"In ta Allah ta ishe ni can, ka ɗauko ni ka maido ni ciki da sauri. Kuma kada ka hwaɗa ma kowa inda tas same ni."

Hanan ta fashe da kuka da dariya a haɗe. Na ce na yi alkawari. Inna ta ce alkawarina ai ta gani yau, amma ba ta da wani. Ta yi bisimilla, ta ce wa direba ya tuƙa.

Tun daga nesa muka hango motar a gidan man. Danilo ya kunna duk fitilunta, ja da kore da shuɗi suna zagaye ta, ko da yake rana ba ta faɗi ba. Ɗan gajeren mutum ne mai furfura, sanye da farar riga. Ya buɗe ƙofa, ya ajiye ɗan akwatin katako a ƙasa don masu hawa, ya koma gefe ya sunkuyar da kai don kada ya kalli mata. Inna ta fito, ta taka ƙasar a hankali kamar mai gwada zurfin ruwa. Ta ɗaga kai ta bi motar da kallo daga gaba har baya.

"Ita ta," ta ce. "Har ta hi waccan." Sannan ta nuna Danilo da sanda. "Wanga na ba ya iya shiga?"

Na ce shi ne.

"Ikon Allah. Shi ba ya shiga, ni ba ni hita, ga mu mun gamu. Ku ba bawan Allah abinci, tun rana yake zaune." Aka cika masa kwano da alkaki da nama. Ta matsa kusa da shi ta ce da Larabcinta, ya tuƙa a hankali, amana ce ya ɗauka. Ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Mama, sawa sawa binti." Wato tamkar 'yarsa ce. Ya ce shi ma yana da 'ya kamar wannan a ƙasarsu, an yi bikinta yana nan.

Inna ta kama hannun Hanan. Ta ƙi a taimaka mata. Ta taka akwatin, ta taka matakala, tana nishi tana jan amarya a bayanta, har ta kai ta kujerar gaba ta zaunar da ita. Ni namiji ne, a ƙasa na tsaya, amma ta ƙofa na ga ta gyara mata mayafi, ta shafa labulen, ta dafa kanta da hannu biyu tana addu'a. Sai ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Muryar ta tsufa, ta karye a tsakiya, matan da ke hawa suka karɓe ta gaba ɗaya har ma'aikatan gidan man suka fito kallo. Gwaggon angon nan da ta wanke ni ɗazu ta wuce ta gabana tana share ido, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, shashasha."

Inna ta sauko da kanta. Ƙofa ta rufe, kiɗa ya tashi a ciki, motar ta hau titi tana walƙiya. Ta tsaya tana kallonta, ido a bushe, har fitilun suka ɓace mata. Sannan ta damƙi hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Maza. Maishe ni."

A a-kori-kurar Ammu Bukar muka dawo, mu uku a gaba, ita a tsakiya, don surukinsa ya bi 'yan biki. Sai da muka yi gaba kaɗan kafin mu sami wurin juyawa, ga layin motoci a shingen, ana tafiya taku-taku. Minti biyar ɗina ya zama ashirin. Faratanta na cikin naman hannuna, bakinta na motsi, duk motar da ta tsaya a gabanmu sai in ji numfashinta ya sauya. Ammu Bukar ya ƙura wa titi ido yana neman gurbin kutsawa. Ni kuwa ban taɓa roƙon Allah ya ja ran wani kamar yadda na roƙa a wannan layin ba.

Muka wuce shingen. Muka wuce alamun. Ana ta kiran magariba daga wani masallaci a gefen hanya.

"Mun shigo?" ta tambaya, don duhu ya riga ya rufe mata ido.

"Mun shigo, Inna."

"Ka tabbata? Kai ba a shaidarka da sanin hanya."

Ammu Bukar ya ce, "Wallahi mun shigo, ya Hajja. Kina cikin Harami."

Ta saki hannuna a hankali. Ta ce wa Ammu Bukar ya tsaya a gefe ya kashe motar. Ya tsaya. Ta ja mayafinta ta rufe fuska.

"Ta tahi, Sabi'u," ta ce. "Ku ba ni wuri kaɗan. Ban so in yi kukan ɗiyata a waje ba."

Muka sauka ni da Ammu Bukar, muka shimfiɗa kwali a bakin titi muka ta da salla, muna jin ta a cikin motar.